Sassaƙar Hannu ko Aikin Ruwa da Rana: Yadda Ake Tantance Alama a Jikin Dutse

Mafi yawan alamomin da masu neman ɓoyayyar dukiya ke ɗauka hoto a duwatsun Bauchi da Gombe ba hannun mutum ne ya yi su ba. Ruwa ne, da zafin rana, da saiwar itace, da wutar daji, wani lokaci kuma haƙorin katafila. Daga cikin 'yan kaɗan ɗin da mutum ya yi, akasarinsu wurin niƙa ne, ko gurbin dara, ko alamar iyakar gona, ko aikin safiyo. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce ka fara ɗauka cewa alamar ta halitta ce, sannan ka bi ta mataki-mataki ka ga ko za ta ƙaryata ka. Wanda ya fara da yaƙinin cewa ya ga kibiya ko kunkuru, duk abin da ya duba daga baya ƙara masa yaƙini zai yi.

Kayan aikin ba su da tsada: tocila mai ƙarfi, gilashin ƙara girma mai ninki 10, rula ko tef ɗin awo, burushi mai laushi irin na fenti, siririn tsinke, wuƙar aljihu, ɗan ruwan tsami na kwalba, baƙin mayafi mai kauri, waya mai kyamara da GPS, littafi da fensir. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu, ka riƙe sanda. Kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu, kuma ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kada ka zura hannu a kogon da ba ka haska ba. Guduma da cizal da burushin waya kuwa a bar su a gida.

Fara sanin irin dutsen

Kafin ka dubi alamar, dubi abin da take kai, domin kowane dutse da irin ƙaryar da yake yi.

A kewayen garin Bauchi, da Dass, da Toro, da Ningi, dutsen da ya fi yawa shi ne giranit da danginsa, mai ƙwayoyi manya da ido ke gani: fari mai sheƙi wanda muke kira ƙanƙara, da ruwan hoda ko fari mai dushi-dushi, da baƙi mai ƙyalli. Akwai ma wani mai duhun kore a cikin garin Bauchi wanda masana duwatsu suka raɗa wa sunan garin, suna ce masa bauchite. A ma'aunin tauri na Mohs, ƙanƙara tana mataki na 7, wuƙar ƙarfe kuwa tana wajen 5 da rabi. Ma'ana wuƙa ba ta yanka giranit, sai dai ta bar masa layin toka na ƙarfenta, wanda yatsa ke gogewa. Duk wanda ya ce maka wani ya zana dogon layi mai santsi a giranit da bakin wuƙa yana cikin gudun yaƙi, bai taɓa gwadawa ba.

Idan ka gangara Alkaleri, Yankari, Gombe, har Dutsen Bima, dutsen yashi ne. Ka goga yatsa za ka ji yashi na zuba. Wannan ƙusa ma tana zana shi, don haka a nan ake samun zanen mutum da yawa, a nan kuma ake samun karce na banza da yawa, daga ƙahon saniya har bakin garma. Wajen Ashaka akwai dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Ka kankare ɗan gari daga wani gutsure da ya riga ya faɗo, ka ɗiga ruwan tsami, za ka ga ƙananan kumfa. Ruwan sama na narkar da irin wannan dutse, yana bar masa kwaruruka masu kama da rubutu. Marmara kuwa ramuka ne halittarta, ba a kafa hujja da ramin marmara sai an ga an daddatse ta a miƙe kamar bulo.

Gwajin wuƙa da na ruwan tsami duk a kan gutsuren da ke ƙasa ake yi, ba a kan alamar ba.

Haske

Da rana tsaka ba a duba alama. Haske na saukowa daga sama, inuwa ta ɓace, ramin da ke da zurfi ya yi kamar shafe, tabon launi kuma ya yi kamar rami. Lokacin dubawa shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas, ko bayan la'asar sakaliya. Idan hazon hunturu ya yi kauri, rana ba ta bayar da inuwa mai kaifi, sai ka rufa mayafin a kanka da dutsen, ka kunna tocila.

Ka kwantar da tocilar kusan daidai da fuskar dutsen, ta ɗago kamar digiri 10 zuwa 20 kawai. Ka haska daga gabas, ka ɗauki hoto, ka koma arewa, yamma, kudu, kowanne da hotonsa, waya tana wuri ɗaya, rula tana kwance a gefen alamar. Abin da aka sassaƙa da gaske siffarsa ba ta canzawa, inuwar ce kawai ke sauya gefe. Fuskar mutum ko kan zaki da ke fitowa daga ɓangare ɗaya, su ɓace idan ka zagaya, inuwa ce ta haɗa su. A wannan mataki kaɗai alamomi da yawa ke faɗuwa.

Sharewa da burushi mai laushi kaɗai ake yi. Kada ka bi layin da alli ko gawayi don ya fito a hoto: hannunka zai cike giɓin da babu komai, ka zana abin da kake so ka gani. Kada ka kankare gansakukar da ta manne, ita kanta shaida ce.

Cikin layin

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ya kamata ka daɗe. Ka durƙusa da gilashi ka bi layin daga farko har ƙarshe.

Tambaya ta farko: yana da gindi? Zura tsinke. Layin da aka sassaƙa yana da ƙasa da tsinke ke tsayawa a kai, yawanci zurfin bai wuce 'yan milimita zuwa santimita ɗaya ko biyu ba, kuma ƙasan dutse ne lafiyayye. Tsagewar halitta kuwa, ko da bakinta ya buɗe ya yi faɗi saboda zaizayewa, a can tsakiyar gindinta za ka ga siririn layi kamar gashi yana nutsewa ciki. Da ka ga wannan gashin, magana ta ƙare.

Ta biyu: ina ya tsaya? Tsagewa ba ta san gefen dutse ba. Takan bi fuskar, ta karya kwana ta gangara gefe, wani lokaci ka same ta a dutsen da ke maƙwabtaka a kan layi ɗaya. Tashi tsaye ka dubi falalen gaba ɗaya da kamfas ɗin waya. Giranit yakan tsage a jere, saiti biyu ko uku, kowane saiti na fuskantar nahiya ɗaya, kuma sau da yawa saiti biyun na gittawa kusan a murabba'i. Daga nan ake samun alamar giciye, da X, da kan kibiya. Idan hannuwan giciyenka suna daidai da sauran tsagogin da ke falalen, dutsen ne ya yi abinsa. Mai sassaƙa yakan tsaya inda ya ga dama, ya bar fili a kewaye, ya zaɓi fuska mai santsi, sau da yawa ma ya kauce wa tsagewa.

Ta uku: me ya faru da ƙwayoyin dutsen? Zaizayewa tana zaɓe. Takan cinye ƙwayoyi masu laushi ta bar ƙanƙara tsaye, sai cikin ramin ya yi kaushi, ƙwayoyin suna a cike ba a fasa su ba, layin yana kewaya su. Bugun hannu ba ya zaɓe: yana farfasa ƙanƙara da sauran duka a matsayi ɗaya, sai ka ga ƙwaya an raba ta biyu, rabinta a bakin layi, rabin ya tafi.

Ta huɗu: da me aka yi? Hanyoyin da aka sani uku ne, kowacce da sawunta. Akwai dandatsa, wato a riƙa bugun wuri ɗaya da dutse mai tauri ko tsinin ƙarfe. Layinta tarin ƙananan ramuka ne masu hawa kan juna, kowanne milimita 2 zuwa 5, gindinsa siffar U, kuma kusan kullum za ka ga 'yan bugun da suka kuskure sun faɗa wajen layi. Waɗannan kuskuren shaida ce mai ƙarfi, domin ruwa ba ya kuskure. A giranit kusan wannan ce kaɗai hanyar mutanen da. Akwai yanka da abu mai kaifi, wanda ake samu a dutsen yashi: gindi siffar V, da siraran layuka a bangon ramin masu bin tsawonsa, da wurin da hannu ya zarce a ƙarshe ko a kwana. Akwai kuma gogawa, mai barin kwari mai santsi, zurfi a tsakiya, yana tashi a hankali a bakuna biyu.

Ta biyar: auna faɗi da zurfi a wuri biyar tare da layin, ka rubuta. Aikin hannu yana da daidaito amma ba cikakke ba, kamar milimita 8 nan, 10 can, 9 gaba. Idan ya tashi daga 3 zuwa 25 ya koma 6, zaizayewa ce. Idan kuma bai motsa ba ko kaɗan, milimita 2 ko 3 daga farko har ƙarshe, bango a miƙe, gindi na tashi da lanƙwasa a ƙarshen layi, faifan injin yankan tayil ne. Mutum ne ya yi, amma a zamanin janareta.

Abubuwan da suka fi yaudara

A giranit, jijiyar ƙanƙara ce kan gaba: farin layi miƙaƙƙe da ke ratsa dutse, wani lokaci ya ɗan taso sama saboda ya fi kewayensa tauri. Launinsa da ƙwayarsa daban suke da na dutsen, kuma yana shiga ciki. Sai baƙaƙen dunƙule masu siffar ƙwai ko tafin ƙafa, gutsattsarin wani tsohon dutse ne da narkakken giranit ya haɗiye tun asali. Idan suka rigaya zaizayewa sai su bar rami mai kama da sawun mutum, labarai kuma su taso. Sai ɓarewar fatar dutse, inda zafin rana da sanyin dare da wutar daji ke ɗaga falle-falle, su bar da'ira ko jinjirin wata mai baki ɗaya a tsaye, ɗayan a kwance. Ƙwanƙwasa kusa da wurin da sanda: idan ya yi amon rami, wani fallen ne ke shirin tashi, ba ɗaki ba ne a ƙasa. Masu haƙa da yawa sun ɓata damina guda a kan wannan amo.

Ramukan da ruwa ke kwanciya a saman falale gindinsu shimfiɗe ne, bakinsu ya ɗan rufo ciki, kuma galibi akwai ɗan kwarin da ruwa ke malala idan sun cika. Na cikin kogi zagayayyu ne masu santsi, tsakuwa ce ke juyawa a ciki lokacin ambaliya, za ka ma tarar da ita a gindin.

A dutsen yashi abu uku ne. Shimfiɗar yashin kanta takan fito layi-layi a karkace, saiti na yanke saiti, kamar yadda ake gani sosai a Bima, daga nesa sai ka ce an ja layukan allo. Tsatsar ƙarfe da ruwa ya ratsa da ita takan yi zobe cikin zobe, ja da ruwan ƙasa, wanda ake cewa taswira ce ko ido. Shafa za ka ji launi ne, ko kuma zoben ya taso maimakon ya nutse. Sannan ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma a ƙarƙashin rumfar dutse, aikin gishiri da iska.

Saiwa takan bar siraran kwaruruka masu rassa, kowane reshe ya fi uwarsa siranta. Fitsarin rema da kashin tsuntsaye kan bar farin zane a bango, kullum daga sama zuwa ƙasa, ƙarƙashin wata 'yar baranda.

Na mutum, amma ba da niyya ba

Dutsen da ke cikin gona ko bakinta, mai karce da yawa a sama da gefe ɗaya, suna gittawa ba tsari, wasu da jan tsatsa a ciki, garmar shanu ce ko faifan tarakta. Kowace shekara ta ƙara nata, shi ya sa wasu sun tsufa wasu sababbi. Layuka uku ko huɗu a jere, tazara ɗaya, masu zurfi a farko su shafe a ƙarshe, haƙoran katafila ne. Ka waiga, za ka ga titi, ko madatsar ruwa, ko ramin da aka ɗebi marmara.

Rami zagayayye sak, faɗin santimita 3 zuwa 4, bango miƙe, mai zurfin da sanda ke shiga, ramin nakiya ne. Wani lokaci rabinsa kaɗai za ka gani a jikin dutsen da ya fashe, kamar an tsaga bututu. Suna da yawa a gefen layin dogon da ya taso daga Kuru ya bi Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, da wuraren haƙar kuza na ƙasar Toro, da duk inda aka yanka tsauni don titi. Jerin ƙananan ramuka masu kusurwa a layi ɗaya kuwa masu fasa dutse ne suka shirya raba shi. Inda suka ƙona taya ko itace don dutsen ya tsage, za ka ga baƙi da ja da ɓarewa a wuri ɗaya.

Tsufa

In alamar ta tsallake duk wannan, saura shekarunta. Fuskar dutse da ta daɗe a waje takan yi fata mai duhu, cikinsa kuwa haske ne. Nemi inda wani gutsure ya ɓalle kwanan nan a dutsen, ka sami launi biyu na kwatance. Idan cikin layin fari ne tas kamar sabon ɓalli, sabo ne. Idan ya yi duhu daidai da fatar, bakinsa ya dakushe, ya daɗe. Gansakukar da ta tsiro ta haye bakin layi ta shiga ciki tana nuna layin ya girme ta, wadda layi ya yanke ta biyu kuwa ta girme shi.

Wannan gwaji gaba da baya kawai yake nunawa, ba ya bayar da shekara. Dutsen yashi a wuri mai laima kan yi duhu cikin 'yan shekaru, giranit a busasshen wuri kan daɗe ƙwarai bai canza ba. Duk wanda ya dubi launi ya ce maka shekara ɗari uku ne, faɗa kawai yake.

Ana kuma tsufar da alama da gangan. 'Yan damfara kan sassaƙa kibiya, su shafa baƙin mai ko ruwan batir ko kashin shanu, su rufe da ƙasa, bayan damina su kawo mai kuɗi ya ga "wurin". Ɗiga ruwa kaɗan a gefen bakin layin: a kan mai zai dunƙule ya ƙi shiga. Shinshina. Duba da gilashi, ƙarƙashin baƙin za ka ga ƙanƙara fara mai kaifi, kuma baƙin ya malalo waje maimakon ya tsaya inda fata take. Mutumin da ya san ainihin inda tukunyar zinariya take, kuma yana neman kuɗin turare da rago daga wurinka kafin a haƙa, ya riga ya ba ka amsa.

Na gaske ne. To, mene ne?

Kwari mai siffar ƙwai, tsawon taƙi ɗaya zuwa biyu, mai santsin gaske, sau da yawa da yawa a falale ɗaya kusa da ruwa ko kufai, maniƙa ce. Siraran kwaruruka dogaye wurin wasa gatari ne ko makami, kuma a irin wuraren akan tsinci gogaggen gatarin dutse da ake kira gatarin aradu. Ƙananan ramuka a layi biyu, shida-shida, ko layi biyar na shida, a inda akwai inuwa da wurin zama, dara ce ta makiyaya. Dutsen da ke da tabon bugu a baki, wanda in ka buga ya yi amon ƙarfe, dutsen kiɗa ne, irin waɗanda Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bayyana a Birnin Kudu a shekarun 1950. Doguwar hanya mai sheƙi a gangaren falale, wurin zamiyar yara ne.

Turken siminti mai lamba da ƙusa a tsakiya na safiyo ne, ko na iyakar fili ko na tsohon lasin haƙar ma'adini. Babu komai a ƙarƙashinsa, kuma tumɓuke shi laifi ne. Duk alamar da ke da baƙaƙen boko ko lambobin boko, a wannan yanki ba ta riga cin Bauchi da Turawan Ingila suka yi a 1902 ba. Idan rubutun Larabci ne ko ajami, a kira malamin allo ya duba. A rubutun da aka gada a nan, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. In ka ga fa'un da ɗigo a sama da ƙaf mai ɗigo biyu, hannun wanda ya yi karatu a littafin bugu ne.

Tulin duwatsu mai tsawon mutum, miƙe kudu da arewa, musamman in suna da yawa a jere, kabari ne. A yi addu'a a wuce.

Yana da kyau mai wannan sha'awa ya je ya ga na gaske da idonsa. A Yankari akwai zanen da aka sassaƙa a dutsen yashi a Tunga Dutse, da kogunan Marshall da aka haƙa da hannu, da rijiyoyin Dukkey. A Geji da Shira akwai zanen dabbobi da aka yi da launi a jikin dutse, kuma suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta killace. Awa ɗaya a gaban aikin hannu na ainihi ta fi bidiyo ɗari gyara ido. Abin lura kuma, babu ɗayan waɗannan wurare da aka yi don nuna inda aka binne kuɗi.

Jadawalin alamomin da ke yawo a YouTube da TikTok, kunkuru na nufin kaza, maciji na nufin taku kaza, an kwaso su ne daga labaran zinariyar da ake cewa Yamashita, wani janar na sojan Japan, ya ɓoye a Filifin da labaran ma'adinan Sifaniyawa a kudu maso yammacin Amurka. Ko a can ba su tabbata ba, balle a Dass. Yadda mutanenmu suka saba adana dukiya sananne ne: kuɗin wuri, ko azurfa, ko daga baya sulalla, a zuba a tulu a binne a tsakar ɗaki ko ƙarƙashin gado ko gindin rumbu. Mai ita ya san ɗakinsa. Ba ya buƙatar kwana biyu yana dandatsar giranit a bainar jama'a don ya sanar da duk mai wucewa.

Don haka ka dubi kewaye, taku hamsin kowace nahiya. Wurin da mutane suka zauna yakan nuna kansa: tsingaro a ƙasa, kashin tama na maƙera, da'irar duwatsun gindin rumbu, ragowar ganuwa, ramukan marina, kukoki a cunkushe. Alama ɗaya tilo a tsakiyar daji, babu ko tsingaro ɗaya, abin a ƙara shakka ne. Ka tambayi mai unguwa da dattawa da mai gonar, ai sau da yawa za a ce maka wane ne ya yi ta, shekarar da aka raba gadon gonar.

Gwajin ƙarshe da abin da za a rubuta

Tura hotunan huɗu ga mutum uku da ba su je wurin ba, kowa daban, kada ka ce komai sai "me ka gani?". Idan ɗaya ya ce kifi, ɗaya takalmi, ɗaya ya ce ba komai, babu siffa a wurin. Sannan ka zaga falalen kana neman abin da ya yi kama da alamarka ko da rabi-rabi. In ka sami guda goma a matakai daban-daban, wasu sun fara, wasu sun kusa, wasu sun wuce, ka kama zaizayewa tana cikin aikinta.

Alamar da za a ce ta tsallake ita ce mai gindi, wadda ba ta bin tsagogin dutsen, mai sawun kayan aiki a ciki, mai fata irin ta kewayenta, kuma akwai shaidar zaman mutane kusa. Ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ba su isa ba. Ga irin wannan, ka rubuta lambobin GPS, da irin dutsen, da nahiyar da fuskar ke kallo, da awon tsawo da faɗi da zurfi, da kwanan wata. Ka ɗauki hoton nesa mai nuna tsauni ko itacen da za a gane wurin da shi. In wayarka na da manhajar haɗa hoto mai siffa uku, ɗauki hoto 40 zuwa 60 kana zagayawa, kowanne ya hau kan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, cikin inuwa ko lokacin gajimare. Kada ka sa lambobin wurin a Facebook, cikin mako guda za a zo da diga.

Haƙa kuwa doka ta yi magana a kanta. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tona wuri don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta wajabta sanar da ita idan an tsinci wani abu, ta kuma hana sayar da shi ga wanda ba ta amince da shi ba ko fitar da shi waje. Ma'adini a ƙarƙashin ƙasa shi ma na gwamnatin tarayya ne a dokar ma'adinai ta 2007. Ban da doka, akwai nauyi: dutsen giranit mai mita ɗaya kowane gefe ya kai tan biyu da rabi da ɗoriya, kuma ƙasar da kake kwashewa daga gindinsa ita ke riƙe da shi. Tsohuwar rijiya ko rami mai zurfi kan tara iskar da ba ta da wari, mai sumar da mutum kafin ya yi kira, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi.

Hanyar da ta dace ita ce a fara sanar da mai gonar da dagaci, sannan a kai hotuna da awon ga masana. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko na Jami'ar Jihar Gombe za su iya raba maka na halitta da na hannu, sau da yawa daga hoto kaɗai idan akwai rula a ciki. Abin da ya tabbata aikin hannu ne sai a miƙa shi ga ofishin hukumar mafi kusa, ko gidan tarihi na Jos, ko sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ka tafi da hotunan hasken nahiya huɗun a jere, da na nesa, da shafin littafin da ka rubuta awo biyar ɗin, domin su ne farkon abin da za a tambaye ka.